Infiniti G35: giya na fizga in ta ɗauki zafi, rediyo kuma ya mutu. Ta ina za a fara?

Dan_Samaru04:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Mota ce Infiniti G35 mai ƙofa biyu, ƙirar 2004, 'yar Amurka, giya otomatik mai hawa 5, mita ta nuna mil 140,000. Da safe lafiya lau take tafiya. Amma in aka yi ta rarrafe a gosulo daga Kwangila zuwa PZ da tsakar rana, sai ta fara fizga tsakanin giya ta 2 da ta 3. Wani lokaci ta maƙale a giya guda ta ƙi sauka ta ƙi hawa, sai an kashe an sake tayarwa. Tsakanin gudun kilomita 60 zuwa 80 kuma akwai wata karkarwa kamar an hau kan tsakuwa. Na biyu, rediyon Bose da ta zo da shi maɓallansa sun daina amsawa, har da na AC. Mai ita na farko ya sa ufa da amfilifaya a but. An ce mini a sauke giyabos a ɗora na Beljiyam. Ni kuma so nake in gyara giyar ta yi ƙarko, in kuma inganta sauti. Ta ina zan fara?

Baba_Giya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada a taɓa noti ko ɗaya na giyabos ɗin nan tukuna. Giyar motarka sunanta RE5R05A, kamfanin Jatco ne ya ƙera ta, ita ce a cikin Nissan 350Z da Pathfinder da Infiniti FX35. Giya ce mai haƙuri. Maƙalewar da kake gani kwamfutarta ce ke kulle ta da gangan, galibi a giya ta 4, don kada ta cinye kanta. Shi ya sa in ka kashe ka tayar take sakewa. Ƙarfen da ya karye ba ya warkewa da murɗa makulli. A fara da na'urar bincike, kuma wadda ke shiga kwamfutar giya, ba 'yar ƙaramar nan da ke karanta inji kaɗai ba. Ka rubuto mana lambobin matsalar da na'urar ta nuna kafin a goge su.

Zazzau_V6:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: ka duba man giya yau ɗin nan. Launi da wari kawai za su gaya maka rabin labarin.

Injiniya_Hanwa:
Dubawar ma tana da ƙa'ida, nan mutane da yawa ke kuskure. Sandar awon man giyar tana can bayan inji ta gefen fasinja, an ɗaure ta da ƙaramin noti mai lamba 10, shi ya sa wasu ke cewa motar ba ta da ita. A tsayar da mota a wuri mai daidai, inji na aiki, a ja birkin hannu, a taka birki a bi da sandar giya ta kowane gurbi a dawo P. Awo na gaskiya sai mai ya kai kusan digiri 65, a karanta layin HOT. Kuma wajen awo ana juya sandar awon ne ta koma akasin yadda take zama in an ɗaure ta, a tura har ta zauna a bakin bututu. In ba a juya ba karatu zai yi ƙarya. A goge da tsumma marar gashi.

Ja mai haske, lafiya. Ruwan ƙasa-ƙasa ba wari, ya tsufa ne kawai. Baƙi mai ƙauri, faiba, wato farantan kulochin cikin giya, ta fara ƙonewa. In kuwa ka ga ya yi kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, to ruwan lagireto ne ya shiga, a ajiye motar nan take.

Bakanike_Danmagaji:
Ni fa ban goyi bayan canza mai a giyar da ta yi mil 140,000 ba in ba a san tarihinta ba. Tsohon man nan da dattin da ke cikinsa shi ke riƙe da faibar. Ka zuba sabo, ta fara sulɓewa, a ce kai ka kashe ta.

Injiniya_Hanwa:
Malam Bakanike, akwai gaskiya a maganarka amma rabi ce. Giyar da sabon mai ya sa ta sulɓe, dama faibarta ta riga ta ƙare, kwanakinta ne suka rage. Abin da ke yin ɓarna shi ne wankewa da injin matsi, wanda ke tayar da datti ya tura shi cikin ƙananan hanyoyin bawul. Kwancewa ta ƙasa daban ne. Giyar nan gaba ɗaya tana cin lita 10.3, amma in ka kwance notin kwano kusan lita 4 kaɗai ke fita, sauran na cikin kwanbata (mai miƙa ƙarfin inji ga giya) da kula (mai sanyaya man giya). Sai ka auna abin da ya fita ka mayar da daidai shi. Ka yi tafiyar kilomita 300 zuwa 500, ka maimaita. Sau uku, kusan kashi uku cikin huɗu na man ya zama sabo ba tare da an girgiza komai ba. Lissafin sayayya ke nan: lita 12.

Baba_Giya:
Kuma man da za a zuba Nissan Matic J ne, ko Matic S da ya maye gurbinsa. Ba Dexron ba, ba jan man nan da ake aunawa a galan a bakin titi ba. Karkarwar da yaron nan ya ce yana ji a 60 zuwa 80, a daidai nan ne kulochin cikin kwanbata ke kamawa. In man ba nasa ba ne ko ya gaji, kulochin ba ya kamawa sumul, sai ya riƙa kamawa yana saki. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, a duba hatimin murfi da kyau, a saya wurin wanda in an samu matsala za a iya komawa gare shi.

Malam_Gyallesu:
Baba, a yi mini afuwa, karkarwar nan ba lallai giya ba ce. Koyil mai rauni ko tsofaffin filogi a injin motar nan, VQ35, suna ba da irinta sak in giya ta hau sama inji na juyawa a hankali. Gwajin mai sauƙi ne. Yana cikin karkarwar, ƙafar dama na kan totur yadda take, sai ya ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, iya yadda fitilar birki za ta kama. In ta ɗauke nan take, kwanbata ce. In ta ci gaba, a koma kan inji. A yi wannan a fili, kamar hanyar Shika da sassafe, ba cikin gari ba.

Rewaya_PZ:
Duk kun tsallake kalma ɗaya a maganarsa: mai ita na farko ya sa amfilifaya a but. Ni nan idona ya tsaya. Kwamfutar giya da ta inji suna magana ne ta wayoyi biyu siririya, kuma ba sa jure wuta mai rawa. In ufa na jan wuta, AC na aiki, fanka na juyawa, mota kuma na tsaye a gosulo inji na salo, wuta na iya faɗuwa har kwamfuta ta rikice ta kulle giya. Lambar da take yawan bari ita ce U1000.

Ɗan'uwa, ka sa a auna maka: inji a kashe batir ya nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. Inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. A kunna AC da fitilu da rediyo a sake aunawa. Sannan a ɗora mita tsakanin kan negetib na batir da jikin inji, in ya wuce bolt 0.2 to wayar at, wato wadda ke haɗa negetib da jikin mota, ta ci tsatsa ko ta kwance. Kafin komai ma, a zare fis ɗin amfilifayar nan a yi kwana uku ana bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya. Ko kobo ba za a kashe ba.

Dan_Samaru04:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An sa na'ura. Lambobi biyu ne: P1757 da U1000. Man ruwan ƙasa-ƙasa ne mai duhu, ba ƙauri sosai, ba alamar ruwa. Batir 12.1 a kashe. Wayar amfilifaya kuma babu fis a kanta ko kaɗan, an murɗa ta ne a kan batir.

Rewaya_PZ:
Subhanallah. A cire wayar nan yau, kada a kai gobe. Waya mai ɗauke da wutar batir tun daga gaba har but ba fis, in ta goge a jikin ƙarfe gobara ce. Batir mai 12.1 kuma kusan rabinsa ya tafi, a yi masa caji a gwada shi da lodi.

Baba_Giya:
To yanzu mun samu bakin zare. P1757 ta solonoyid ɗin birkin gaba ce, wato wani bel na cikin giya, ba birkin taya ba. Solonoyid 7 ne, wato bawul masu aiki da wuta, a kan bawul-bodin giyar nan, sashen da ke raba mai a cikinta. Amma sau da yawa shi solonoyid ɗin lafiyarsa ƙalau. A ƙirar da kwamfutar giya ke zaune cikin kwano, manne da bawul-bodi, akwai 'yan siraran ƙafafun ƙarfe da ke haɗa allon kwamfuta da solonoyid. Zafi da girgiza kan tsaga ɗaya. Da sanyi bakin tsagar na haɗe, in ta yi zafi ta buɗe. Ka ga dalilin da take lafiya da safe. Mai hannu a dalma yana iya haɗa ta.

Sai dai ka tabbatar da irin taka. Na 2003 kwamfutar a waje take, daga 2005 tana ciki, taka ta faɗo a tsakani. Ka leƙa gefen giyabos: soket guda ɗaya mai zagaye na nufin tana ciki.

Bakanike_Danmagaji:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Kafin a yi dalma, a sayi mai lita 12, a biya aiki sau uku, gara a nemo giyabos cikakke a Panteka ko Kofar Ruwa a ɗora a huta.

Zazzau_V6:
Oga, wanda za a ɗora ɗin shekarunsa nawa? Sa'an wannan ne, an daina saka giyar a G35 tun 2008. Kuma suna ɗaya ba ya nufin abu ɗaya. Na Pathfinder ko Armada ba zai zauna a G35 haka kawai ba, rabon giyoyinsu da shirin kwamfutarsu daban. Na G35 giya ta 1 tana 3.54, ta 4 tana 1.00, ta 5 tana 0.83. In kwamfuta ta ga juyin da bai yi daidai da abin da aka shirya mata ba, kullewa za ta sake yi. Ko bawul-bodi kaɗai za a saya, a kwafi lambar da ke jikin na asali a nemo mai irinta.

Injiniya_Hanwa:
In za a sauke kwanon, ga abin lura. A wanke kewayen tas kafin a buɗe, kuma ba a fili ana iskar hunturu ba, ƙura ɗaya na iya maƙale bawul. A dubi maganaɗisun da ke cikin kwano: laushin toka-toka kamar kwalli ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙaƙen gutsattsarin faiba na nufin aikin ya wuce dalma, sai buɗe giya. Matatar ciki ragar ƙarfe ce, wankewa ake yi. Notocin bawul-bodi ba tsawo ɗaya ba ne, a huda kwali a jera su yadda aka cire. Gasket sabo, kada a shafa gam, don guntunsa kan faɗa ciki. Notocin kwano ba sa son ƙarfi, kusan Nm 8 ne, a bi su a gicciye.

Ummu_Kongo:
Tambaya a gefe, ranku ya daɗe. In ana sa D ko R ana jin ƙara "gum" daga baya, shi ma giya ne?

Malam_Gyallesu:
Hajiya, a irin wannan motar da 350Z a fara duba robar da ke riƙe da difarenshiyal ta baya. Mai ruwa ce a ciki, in ta fashe za a ga baƙin zane ya gangaro a jikin ƙarfen da take ciki. Sai robar da giyabos ke zaune a kai, sai farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa baya. In kuma sai an yi fiye da daƙiƙa biyu kafin giyar ta shiga, wannan magana ce ta mai ko matsi.

Baba_Giya:
Mu dawo kan ƙarko da ya tambaya. Abin da ke kashe giya otomatik a garin nan zafi ne. Watan Maris da Afrilu, AC a kunne, ana tafiyar kura a Sabon Gari, kwanbata na ta dama mai. Man na son zama tsakanin digiri 70 da 90. In yana yawan haura 110 yakan tsufa da wuri, robobin ciki su bushe. Gyara mafi amfani shi ne ƙara wata kular sanyaya mai, mai faranti-faranti, a ɗaura ta gaban kwandensa inda iska ke bugu. A haɗa ta a tiyon da ke komawa giya, wato mai ya bi ta lagireto tukuna sannan ya shiga sabuwar. Gane tiyon ba wuya, bayan ɗan tafiya wanda ya fi sanyi shi ne mai komawa. Tiyo na man giya za a sa, ba na fetur ba, kilif biyu a kowane baki, a ƙara mai kamar rabin lita a sake awo.

Zazzau_V6:
Baba, ni da za a bi tawa a tsallake lagireton gaba ɗaya. Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 da wannan giyar, abin da ya kashe da yawansu ke nan, kular cikin lagireto ta tsage ruwa ya haɗu da mai. Ga shi mu nan ruwan rijiya ake ɗura wa lagireto, tsatsa na ci ta ciki.

Injiniya_Hanwa:
Wancan lahani na lagireton waɗancan motocin ne, ba a san G35 da shi kamar su ba. Kuma kular waje iska take buƙata, a gosulo ruwan lagireto ne ke kwashe zafin. In an tsallake, dole kular ta zama babba kuma fanka na jan iska ta cikinta. Ni na fi son a bar yadda Baba ya ce, a sa lagireto sabo in tsohon ya gaji, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a mayar da tamostat in an cire.

Turbo_Palladan:
Ba wanda ya yi maganar saurin canji. Akwai kayan kamfanin TransGo na RE5R05A, sifirin da bawul ake canzawa a bawul-bodi, canji ya zama gajere mai kauri. Tunda za a sauke bawul-bodin ai lokacin ke nan.

Baba_Giya:
Yana aiki, amma a giya mai lafiya. Akwai huda faranti a ciki, in aka huda ba a mayarwa. A gyara cutar, a yi wata guda ana gani, sannan a yi maganar ƙari. In aka haɗa aiki biyu rana ɗaya ta fito tana fizga, wa za a kama?

Sauti_SabonGari:
Bari in shigo ta ɓangarena. Mutuwar maɓallan rediyo da na AC tare sananniyar cuta ce a G35 na 2003 da 2004, allon da ke bayan fuskar ne ke lalacewa, kuma su biyun allo ɗaya suke rabawa. Saboda haka ba za ka zare rediyon ka cusa na Pioneer ko Kenwood haka kawai ba, za ka rasa AC. Hanya biyu ce: fuskar kamfanin Metra da aka yi wa motar mai nata maɓallan AC, ko fuskar Skyline, wato irin motar nan ta Japan, tare da na'urar AC ɗinta. In ta Japan ce fuskar kaɗai ake so. Rediyon Japan na wancan zamani daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, ko ABU FM da ke 101.1 ba zai kamo ba.

Sai Bose. Amfilifayarsa na but, sifikunsa kuma masu ƙarancin om ne, wato awon turjiya ga wuta, wajen 2. In ka sa sifika mai om 4 a kan amfilifayar Bose sauti zai ragu. In ka haɗa sifikun Bose kai tsaye da sabon rediyo, rediyon zai yi ta zafi. Ko dai ka bar Bose gaba ɗaya ka sa soket ɗin haɗi, ko ka fitar da shi gaba ɗaya. Rabi da rabi ne ke ɓata kuɗi.

Dan_Samaru04:
Malam Sauti, in fitarwa zan yi, me zan saya?

Sauti_SabonGari:
Kuɗin ya tafi ƙofofin gaba, nan kunne yake. Sifika inci 6.5 mai tuwita daban, bakinta na roba ba soso ba, soso ba ya shekara biyu a ranar nan. A manna shimfiɗar hana karkarwa a jikin ƙofa, ta butil, kada a karɓi mai kwalta, narkewa take yi ta yi wari. Amfilifaya mai hanya 4, wat 75 kowace hanya. Ufa inci 10 guda ɗaya a rufaffen akwati na katako mai kaurin milimita 18, cikinsa lita 20 zuwa 28 gwargwadon abin da takardar ufar ta ce. But ɗin mai ƙofa biyu ƙarami ne, bakinsa kuma matsattse, a auna kafin kafinta ya yanka. Wajen saye RMS ake dubawa, wato ainihin wat ɗin da kaya ke ɗauka a kai a kai, ba 3000W ɗin da ake bugawa a kwali ba.

Saiti: sifikun ƙofa a yanke musu abin da ke ƙasa da 80Hz, ufa a yanke mata abin da ke sama da 80Hz. Maɓallin gen da ke jikin amfilifaya ba na ƙara murya ba ne. A cire wayar sifika, a kai rediyo kashi uku cikin huɗu, a sa sautin gwaji na 50Hz, a ɗora mita a bakin da wayar sifika ke fita, a saita ta a awon wutar AC. In amfilifayar ufa wat 500 ce a om 2, ka ninka su 1,000 ke nan, tushensa 31.6, a bolt ɗin nan za a tsayar. Na ƙofa wat 75 a om 4 da sautin 1kHz, 17.3.

Rewaya_PZ:
Lissafin wuta kuma, tunda ita ta jawo mu nan. Amfilifayar wat 500 ajin D tana iya jan amfiya 45 in an ƙure ta, mai hanya 4 ɗin kusan 27. Altanetar motar amfiya 110 ce, kuma ba ta ba da duka in inji na salo. Kada a wuce wannan girman. Waya geji 4 ta jan ƙarfe zalla, a kankare bakin a gani, in cikinta fari ne alminiyon aka shafa wa launi. Fis na amfiya 100 tsakanin santimita 45 daga batir. Inda za ta ratsa bango a sa mata roba. At ɗin amfilifaya gajere, kaurinsa ɗaya da na wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya fito. Wayar sauti ta bi gefe ɗaya, ta wuta ta bi ɗaya gefen, in ba haka ba za a riƙa jin kukan altaneta yana bin totur. Wayar kunna amfilifaya daga shuɗiya mai farin layi ta bayan rediyo za a ɗauko, kada a je ana sokar wayoyin kwamfuta.

Turbo_Palladan:
A ƙara kafasita, fitilu za su daina lumshewa.

Rewaya_PZ:
Kafasita ba ta haifar da wuta, ajiya ce ta ƙiftawar ido. A ƙara kaurin waya uku: altaneta zuwa batir, batir zuwa bodi, inji zuwa bodi. Wannan har giyar zai amfana.

Dan_Samaru04:
An cire wayar amfilifaya, an canza batir, an wanke at. Kwana huɗu U1000 ba ta dawo ba. P1757 ta dawo jiya da la'asar wajen Kofar Doka. Soket ɗin guda ɗaya ne mai zagaye. Gwajin birki kuma karkarwar na ɗaukewa.

Baba_Giya:
To a sauke kwano. In an cire bawul-bodi a auna om na solonoyid ɗin birkin gaba a gwada da 'yan'uwansa masu kama da shi, in sun yi daidai a buɗe murfin allon a bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma. In motar ta maƙale a hanya kafin nan, kada a ja ta da igiya tayoyin baya na ƙasa, a ɗora ta a mota ko a kwance farfela.

Bakanike_Danmagaji:
Ka ɗauko mana hoton maganaɗisun kafin a wanke shi. In na ga ƙarfe a kai zan sake kawo maganar Panteka.